Ma'anar "ajin share fage" da wanda ya kamata a damƙa wa shi

A ƙauyukan Jigawa da Kano, idan aka ce yaro yana "rabin aji", ana nufin bai kai shiga aji ɗaya ba amma yana bin yayyensa makaranta. Ya rakuɓe a bayan aji ko a gindin darbejiya, ya ji ana rera baƙaƙe, barci ya kwashe shi, a tashe shi in an tashi. Sunansa ba ya cikin rajista, babu kuma malamin da za a ce shi ke da alhakinsa. Ajin share fage ba wannan ba ne, duk da cewa iyaye da yawa, har da wasu hedimastoci, suna ɗaukar su abu ɗaya.

Ajin share fage shekara ɗaya ce ta karatu ga ɗan shekara 5, kafin ya shiga aji ɗaya yana da 6. A takardun hukuma yana ƙarƙashin abin da ake kira ECCDE, wato kula da ƙananan yara da tarbiyyarsu. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004, wadda ta kafa UBEC, hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa bugun 2013 ta sa wannan shekarar a gaban firamare, tsarin ya koma 1-6-3-3-4. Saboda haka aji ne mai rajistarsa da ɗakinsa da malamarsa, kuma SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, ce ke kula da shi ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Manufar ta 2013 ta ce yara 25 ga malami ɗaya, a wancan lokacin kuma ta ce a koyar da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin.

Inda ake yawan yin kuskure shi ne wurin rabon malamai a farkon zango. Hedimasta ya fara da aji shida saboda jarrabawa, ya gangaro ƙasa, wanda ya saura shi ake tura wa ƙanana. Wani lokaci dattijo ne da ya kusa ritaya, wani lokaci ɗan sa kai ne da bai san ranar da zai tafi ba. Mafi muni, duk ranar da malamin aji huɗu bai zo ba, ita malamar share fage ake janyewa ta toshe gurbin, a bar wa wata 'yar aji shida tsumagiya ta tsare yara. Ɗan shekara biyar da mutum yake sabawa kafin ya saba da darasi. In fuska tana sauya masa kowane mako, sai ya daina magana, daga nan kuka, daga nan uwarsa ta ce a bar shi a gida sai baɗi. Don haka malamar wannan aji ita ce ta farko da ya kamata a zaɓa, a kuma bar ta a wurin shekara guda cur.

Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma akwai fannin kula da ƙananan yara a kwalejojin ilimi. In akwai mai wannan fannin cikin malaman da aka turo, an huta. In babu, a duba hali. A ba mutum yara goma da marafan kwalba na minti goma sha biyar, a koma gefe a kalla. Shin yana durƙusawa daidai tsayinsu? Yana kiran sunayensu? In yaro ya yi fitsari a wando, me fuskarsa ke nunawa? Wanda ba ya jin kunyar cewa "ga ta nan, ga ta nanku" da muryar Gizo a gaban manya, shi ake nema. A makarantar da yaran rugage ke zuwa, a samu wanda ke jin Fulatanci, ko da ba shi ne malamin ajin ba.

Mutum ɗaya ba ya riƙe wannan aji, ko yaran 25 ne cif. Da zarar malama ta raka ɗaya banɗaki, sauran 24 ba su da kowa. Shi ya sa ake buƙatar mai raino, mace daga cikin garin wadda iyaye suka sani suka kuma yarda da ita. Ita ke cika randa da safe, ta ajiye buta da sabulu ko toka a bakin banɗaki, ta jera yara su wanke hannu kafin tara, ta lura da wanda jikinsa ya yi zafi. Kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, da ƙungiyar iyaye mata ne suka fi dacewa su zaɓe ta, da sanin mai unguwa. A rubuta alawus ɗinta a littafin taro: nawa ne, daga ina zai fito, wace rana za a biya. In aka bar shi a baki, wata biyu ake biya a daina, kaka na yi ta tafi aikin gyaɗa ko riɗi inda za a ba ta kuɗi a hannu, kuma ba a ga laifinta ba.

Sai batun cunkoso. Aji ya yi suna, kowace uwa ta turo nata har da ɗan shekara uku, sai ka tarar da yara sittin a ɗaki ɗaya. Tsohuwar dabarar a ce yaro ya zagaya hannu ta saman kai ya taɓa kunne ba ta da tabbas, domin yaron da ya tsumbure zai faɗi alhali shekarunsa sun kai. Katin rigakafi ko takardar haihuwa sun fi. A fara rubuta 'yan shekara 5. In sun haura 30, a raba su biyu, rabi a ɗaki da malama, rabi a inuwa da mai raino suna wasa, a yi musaya bayan rabin awa.

Yini a wannan aji gajere ne, daga ƙarfe 8 zuwa kusan 11 da rabi, kuma kowane aiki kada ya wuce minti 15. Tabarma ta fi benci. Ƙwallon goruba da tsakuwa don ƙirga, yashi a faifai don zana baƙi da yatsa, karan dawa don gina ɗan ɗaki, duk ba sai an jira kaya daga Dutse ko Kano ba. Iyaye za su zo su ce ba su ga rubutu a littafi ba. Hedimasta ne zai tare wannan, ba malama ba: ya tara su ya nuna musu yaron da ya iya ware tsakuwa bakwai daga cikin tari, ya kuma gane baƙin farko na sunansa. In ya bar ta ita kaɗai da matsin, za ta koma kwafe daga allo da bulala.

Duba aikin ma ba a ofis ake yi ba. Hedimasta ya shiga sau ɗaya a mako, ya cire takalmi ya zauna a tabarma na minti ashirin, ya ƙirga yara nawa suka buɗe baki suka yi magana, mata nawa a cikinsu. Ya duba rajista ya ga wa ke ɓacewa ranar kasuwa. Da damina ya tabbatar an san wanda ke raka kowane yaro gida, musamman masu bi ta gefen kududdufi. A makon ƙarshe na zango na uku kuma, malamar share fage ta zauna da malamin aji ɗaya da rajista a gabansu, su bi yaran ɗaya bayan ɗaya: wannan ba ta ji sosai da kunnen hagu, a zaunar da ita gaba, wancan bahago ne, kada a tilasta masa dama.