Sabar DNS tana aiki lafiya, dole ne a sabunta BIND?

Mene ne BIND ɗin ma tukuna?

Idan ka rubuta sunan shafi a wayarka, sai wata na'ura ta juya sunan nan zuwa lambar IP, wato adireshin na'urar da shafin yake kai, kafin shafin ya buɗe. Aikin DNS ke nan, kuma BIND na cikin tsofaffin manhajojin da ke yin sa. Ɗaliban Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne suka fara rubuta ta a shekarun 1980, yanzu kuma ƙungiyar Internet Systems Consortium (ISC) ce ke riƙe da ita. BIND 9 da ake amfani da ita yau ta fito ne a 2000.

Shekara biyar ke nan sabarmu, wato na'urar da ke yi mana DNS, ba ta taɓa kawo matsala ba. Me zai sa mu tayar da abin da ke kwance?

Saboda sabar DNS a bakin titi take zaune, duk wanda ya ga dama zai iya jefa mata tambaya. A Yulin 2015 an gano wata ɓaraka a yadda BIND ke karɓar wani nau'in tambaya mai suna TKEY: saƙo guda ɗaya tak, wanda aka tsara da mugun nufi, ya isa ya kashe ta nan take. Kafin nan, a 2008, Dan Kaminsky ya nuna yadda za a cusa wa saba amsar ƙarya, ta riƙa tura mutane shafin bogi alhali sun rubuta sunan gaskiya. A Fabrairun 2024 kuma aka fito da KeyTrap, mai gajiyar da sabar da ke tantance DNSSEC, wato sa hannun da ke tabbatar da sahihancin amsa, har ta kasa amsa kowa. Wannan ta shafi har wasu manhajojin DNS irin su Unbound da PowerDNS. Duk sabobin da abin ya shafa "lafiya" suke aiki har ranar da aka yi sanarwa. Daga ranar nan kuwa masu kutse ma sun karanta.

To, in ɗauki sigar da ta fi sabunta ke nan?

A'a. Dubi lambar tsakiya. Waɗanda lambarsu ta tsakiya ke rabuwa biyu daidai, kamar 9.16 da 9.18 da 9.20, su ne na aiki, kowacce ana kula da ita kimanin shekara huɗu. Irin su 9.19 da 9.21 na gwaji ne, ba a ɗora wa jama'a su. ISC ta daina yi wa 9.11 faci, wato gyaran tsaro, a 2022, ta sallami 9.16 a 2024.

Na buga named -v don ganin sigar BIND ɗina, na ga 9.11 a kan tsarin Linux na Red Hat 8. Na shiga uku ke nan?

Ba ka shiga ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Red Hat kan ɗauko gyaran tsaro daga sabuwar siga ta liƙa wa tsohuwar, lambar ta zauna yadda take. Muddin kana karɓar sabuntawarsu, akwai mai yi maka faci. Wanda ke cikin haɗari shi ne wanda ya haɗa BIND da hannunsa shekarun baya ya manta da ita, ko wanda har yanzu ke kan tsarin Linux na CentOS 7, da aka daina kula da shi tun 30 ga Yunin 2024. A ganina tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: wa ke gyara wannan siga da nake kai? In amsar babu kowa ce, sai a sabunta, ba wani shawara.

Me ya fi lalacewa in an sabunta?

Fayil ɗin named.conf, inda saitin BIND yake. Misali, layin dnssec-enable da ke cikin tsofaffin saiti: a 9.16 gargaɗi kawai za ta yi ta wuce, a 9.18 kuwa ƙin tashi za ta yi gaba ɗaya. Ka sake kunna ta da ƙarfe tara na safe, imel ya tsaya, waya ta fara ruri, kai kuma kana ta laluben layi ɗaya. Haka 9.20 ta cire layin auto-dnssec, sai an koma dnssec-policy.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka girka sabuwar sigar a wata na'ura, ka kwafo saitinka, ka buga named-checkconf -z. Zai faɗa maka layin da ba ya so. Sannan ka fara da saba ta biyu, wato mai taimaka wa babbar, ka gwada ta da dig, manhajar jefa wa saba tambaya, ka bar ta ta kwana biyu kafin ka taɓa ta farko. Kuma kada a yi ranar Juma'a da yamma, sai dai in kana son ƙarshen mako a ofis.

Ban da tsaro, akwai wata riba?

Akwai, amma ba ta gaggawa ba ce. Daga 9.18 BIND na iya ɓoye tambayoyi ta hanyoyin sirranta saƙo na TLS da HTTPS, yadda mai leƙe a hanya ba zai ga sunayen da ake nema ba. Ƙaramin ofis mai sunan shafi ɗaya ko biyu zai iya jiran wannan har lokacin da zai canja tsarin na'urar gaba ɗaya. Tsarukan Linux irin su Debian 12 da Ubuntu 24.04 duk da 9.18 suke zuwa.