A bar hancin jariri ya huta bayan tiyatar tsagewar leɓe

A ranakun da muke duba yaran da aka yi wa tiyatar tsagewar leɓe, matsalar da ta fi yawan dawowa gabanmu ita ce ta hanci. Sai a kawo yaro leɓensa ya warke sarai, tabon ma da ƙyar ake ganinsa, amma kafar hancin da likita ya ɗaga ta sake kwantawa, ta baje gefe guda kamar ba a taɓa yin aiki a wurin ba. Idan muka tambayi inda robar da ake sa wa yaro a hanci bayan tiyata don ta tallafe shi take, uwar takan kwance bakin zani ko ta zuge jaka ta fito da ita a ƙulle cikin leda. Da an matsa tambaya kuma, amsar ba ta sauyawa: kakar yaron ce ta cire don ta gasa masa hanci da tsumma da ruwan zafi, ta ja masa kara ya miƙe.

Iyayenmu kakanni, da girmamawa nake wannan magana, domin na san ƙauna ce ta sa kuke yi, kuma da hannuwanku aka yi wa yawancinmu wankan jarirai. Amma hancin da aka yi wa tiyata ba irin hancin da kuka saba gasawa ba ne, kuma wannan ja da matsa da kuke yi yana rushe aikin da aka sha wahala kafin a samu.

Kusan jariri 1 cikin 700 a duniya ake haifa da tsagewar leɓe ko ta ganda, kuma abin yana faruwa ne tun farkon ciki, tsakanin mako na 4 da na 7 idan na leɓe ne, lokacin da mace da yawa ba ta ma san tana da juna biyu ba. Tsagar ba ta tsayawa a leɓe, domin naman da ya rabu yana janye guringuntsin hanci zuwa gefe, karan hanci kuma ya karkace. Shi ya sa likitoci da yawa suke gyara hancin tare da leɓen a tiyata guda, galibi yaro yana tsakanin wata 3 da wata 6. Sukan saki guringuntsin daga inda ya maƙale, su ɗaga shi, su riƙe shi da zare siriri a sabon mazauninsa.

Abin da nake so a gane shi ne, guringuntsin nan bai yarda da sabon wurin ba tukuna, kullum yana neman komawa inda ya saba. Masu bincike sun nuna hakan ta hanyar gina hancin jariri a cikin kwamfuta. Sukan ɗauki hoton ciki na hanci, su raba fatarsa da guringuntsinsa zuwa dubban ƙananan gutsattsari, su sanar da kwamfutar taurin kowanne da yadda yake miƙewa, sannan su ja zaren ɗinki a cikinta kamar yadda likita zai ja a ɗakin tiyata. Dabara ce da injiniyoyi suka daɗe suna auna ƙarfin fiffiken jirgin sama da gadoji da ita, kuma likitocin Jami'ar Sichuan da ke birnin Chengdu a ƙasar Sin sun wallafa irin wannan aiki a kan hancin masu tsagewar leɓe a 2018. Kwamfutar tana fitar da hoton hancin da launuka, inda nauyi ya taru ya fito ja, inda babu damuwa ya fito shuɗi. Amfanin wannan ga likita shi ne ya gwada ɗinki iri-iri ba tare da ya taɓa jikin ɗan kowa ba, ya ga wanne ne yake ɗaga hanci da ƙarancin takura. Amfaninsa gare mu kuwa shi ne mu fahimci cewa ko bayan an gama ɗinki, akwai takura da ta rage a cikin naman, musamman kewayen inda zare ya ratsa, kuma inda takurar ta taru nan ne hanci yake fara komawa gidan jiya.

To, a kan wannan wurin ne ake ɗora tsumma mai zafi a danna da babban yatsa! Haba Hajiya! Likita ya auna inda zai sa zare da taka-tsantsan, ke kuma safe da yamma kina murza shi. Na sha jin ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne, amma an riga an tanƙwara wannan an ɗaure, abin da ya rage kawai a bar shi ya kama.

Robar da ake cirewa ita ce mai gadin aikin. Ƴar siririya ce ta silikon mai bututu biyu da ake zurawa cikin kafofin hanci, yaro yana numfashi ta cikinta, tana tallafe guringuntsin yayin da tabo yake ƙanƙancewa yana jan nama. Tun 1999 likitocin asibitin Chang Gung na Taiwan suka ba da rahoton cewa yaran da suka sa ta aƙalla wata 6 hancinsu ya fi zama daidai. Wasu likitocin ma da gangan suke ɗaga kafar da aka gyara ta ɗan fi ɗayar tsayi, saboda sun san za ta sauko kaɗan. Don haka idan kin ga hancin ya ɗan ɗaga bayan tiyata, ba kuskure aka yi ba, kada ki ce za ki daidaita shi da hannu.

Ku matasan uwaye, na san nauyin da ke kanku, domin ba ƙaramin abu ba ne yarinya ta ce wa surukarta ta bari. Na kuma san wasu kunya ce take sa su cire robar idan za a shiga biki ko za a ɗauki hoto, gudun kallo da tambaya. A nan maigida ne ya kamata ya tsaya, ya yi wa mahaifiyarsa bayani da kansa cikin ladabi, ko ya zo da ita asibiti mu nuna mata, mu kuwa ba ma gajiya da wannan. Ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin wannan tiyata kyauta a asibitoci da dama a Najeriya, amma samun aiki kyauta ba dalili ba ne na sakaci da shi, domin gyara na biyu ya fi wuya saboda tabo, kuma sau da yawa sai yaro ya girma ake iya yinsa, bayan ya sha tsokana a makaranta.

A taƙaice ga abin da muke roƙo:

- Kada a gasa hanci, kada a ja shi, kada a matsa shi.
- Kada a shafa man zafi ko wani haɗin gida a kan ɗinki.
- A cire roba don wankewa kawai, yadda aka koya muku, a mayar nan take.
- A kwantar da yaro rigingine, a tsare hannunsa daga fuska.
- Zazzaɓi, ruwan miki, jini ko buɗewar ɗinki, a taho asibiti a ranar.

A riƙa zuwa duk ranar da aka rubuta a kati, domin yaro yana girma kuma robar tana bukatar a sauya ta da wadda ta fi girma, sannan a nan ne ake tsara tiyatar ganda ga mai bukata, yawanci tsakanin wata 9 da wata 18. Idan robar ta faɗi ta ɓace, ko an riga an cire ta an yi gashin, a kawo yaron a faɗa mana gaskiya a makon, kada a jira ranar kati.