Kawo Uzuri a Koyarwar Kirista

Kawo uzuri, a yadda malaman Kirista suke fassara shi, ɗabi'a ce ta neman dalilin da mutum zai fake da shi domin ya wanke kansa daga laifin da ya aikata, ko ya zame daga aikin da ya rataya a wuyansa. Ba kowane uzuri ake zargi ba, domin rashin lafiya, tilas da rashin sani na gaskiya suna rage nauyin laifi. Wanda ake magana a kai shi ne uzurin da ya zama jiki, har ya hana bakin mutum faɗin "na yi laifi". Ana ɗaukarsa kishiyar furta zunubi, shi ya sa maganinsa a wurin masu bi ya fi jingina ga tuba da alherin Allah fiye da ƙarfin hali.

A Tsohon Alkawari

Uzuri na farko yana cikin Farawa sura 3. Da Allah ya tambayi Adamu ko ya ci 'ya'yan itacen da aka hana, sai ya ce matar da Allah ya ba shi ce ta miƙo masa, wato a magana ɗaya ya ɗora wa Hawwa'u laifi, ya kuma shafa wa Mahaliccinsa. Ita kuma ta ce maciji ne ya yaudare ta.

Na Haruna ya fi fitowa fili. Fitowa 32:4 ta nuna cewa shi ya karɓi zinariyar jama'a ya ƙera ɗan maraƙi, amma da Musa ya tsare shi, sai ya ce wuta kawai ya jefa zinariyar, ɗan maraƙin ya fito. Sarki Saul ma, a 1 Sama'ila 15, ya tarbi annabi Sama'ila yana cewa ya cika umarnin Ubangiji game da Amalekawa, alhali kukan tumaki da na shanun da aka bari yana tashi a kunnen annabin. Ya ce jama'a ne suka keɓe su domin hadaya, aka amsa masa cewa biyayya ta fi hadaya, kuma sarauta ta kuɓuce masa. Masu sharhi sukan jera shi da Dawuda, wanda laifinsa na kwana da Bat-sheba matar Uriya, da sa a kashe mijinta, ya fi muni, amma da annabi Natan ya tsare shi da laifin, bai yi kame-kame ba, ya amsa cewa ya yi wa Ubangiji zunubi (2 Sama'ila 12:13). Zabura 51 tana ɗauke da addu'ar tubarsa.

Akwai kuma uzurin mai jin tsoron kiran Allah. Musa ya kawo dalili bayan dalili a gaban kurmi mai cin wuta, har da nauyin harshensa, Allah yana amsa kowanne da alkawarin kasancewa tare da shi, kuma fushi bai zo ba sai da ya ce a aiki wani. Irmiya ya ce shi yaro ne. Karin Magana 22:13 ta ambaci rago mai cewa akwai zaki a waje.

A Sabon Alkawari

A Luka 14, Yesu ya ba da misalin babban biki da waɗanda aka gayyata suka ƙi zuwa: ɗaya ya sayi gona, ɗaya ya sayi shanun huɗa guda goma, ɗaya kuma ya yi sabon aure. Babu haram a cikin ukun, kuma nan ne darasin ya fi kaifi, domin abu mai kyau shi ya fi daɗin fakewa. Bulus ya ce a Romawa 1:20 da 2:1 mutum ba shi da hujja a gaban Allah, 1 Yohanna 1:8-9 kuma ta ce mai musun zunubinsa yana ruɗin kansa, mai furtawa kuwa ana gafarta masa.

A tarihin ikkilisiya

Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya bayyana a littafinsa Confessiones, wanda ya rubuta wajajen 397 zuwa 400, cewa a shekaru kusan tara da ya yi yana bin koyarwar Mani, wanda ya kafa wani addini a Farisa, ya ji daɗin ɗaukar cewa ba shi ke yin zunubi ba, wata halitta ce dabam a cikinsa. Ya ce wannan ne ya sa ciwon nasa ya ƙi warkewa. Ya jingina da Zabura 141:4, wadda a fassarar Latin take roƙon kada zuciya ta karkata ga kawo uzuri a kan zunubai, ko da yake nassin Ibrananci bai zo da wannan lafazin ba.

Toma Akwinas, malamin tauhidi na Katolika a ƙarni na 13, ya bambanta rashin sanin da mutum ba shi da ikon kawarwa da wanda ya zaɓa da gangan. Majalisar Lateran ta Huɗu, babban taron shugabannin ikkilisiyar Katolika a Roma, ta wajabta furta zunubi ga firist aƙalla sau ɗaya a shekara a 1215. Furotesta ba su yarda da wajibcin ba, amma Martin Luther ya buɗe batutuwansa 95 na 1517 da cewa dukan rayuwar mai bi tuba ce. C. S. Lewis, marubuci Kirista ɗan Birtaniya, ya lura a 1947 cewa sau da yawa mai roƙon gafara uzuri yake so a karɓa masa, alhali gafara tana aiki ne a kan abin da ya rage bayan an cire duk wani uzuri.

Hanyar rabuwa da ɗabi'ar

Koyarwar tana ganin tsoron hukunci da girman kai ne tushen uzuri, saboda haka wanda ya gaskata cewa Almasihu ya ɗauki zunubinsa ba ya bukatar ɓuya. A aikace ana koya wa mai bi ya ambaci laifinsa da sunansa a cikin addu'a ba tare da ƙara "amma" ba, ya furta wa ɗan'uwa amintacce kamar yadda Yakubu 5:16 ta umarta, ya kuma mayar da haƙƙin da ya ci, irin yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin biyan ninki huɗu ga duk wanda ya cuta (Luka 19:8).