Ba a hana kama gafiya ba, fatar damisa ce ke iya kai mutum kotu

Maganar da ke yawo a majalisun Tudun Wada da Sabon Gari ita ce wai gwamnati ta hana farauta baki ɗaya, ko gafiya aka gan ka da ita sai gidan yari. Ba haka dokar ta ce ba.

Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ba sabuwa ba ce, tun 1985 take. Jeri biyu ta yi. Na farko, irin su zaki da damisa da ɗankunya, an haramta farautarsu da kama su da cinikinsu kwata-kwata. Na biyu kuwa sai da lasisi. Gafiya da zomo ba sa ciki.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne batun mallaka. Da yawa sun ɗauka maharbi kaɗai ake nema. A'a. Dokar ta haɗa da wanda aka samu dabbar a hannunsa, da rai ko a mace, har da wani sashe na jikinta. Ɗan shimfiɗar da ya baje kayansa a bakin kasuwa, ga ƙyallen fatar damisa kusa da ƙullin saiwoyi, ya shiga ciki, ko da bai taɓa riƙe baka ba. Mai saye domin a ɗinka masa laya, shi ma haka. Kuma kotu na da ikon ƙwace kayan.

A dokar 1985 tarar laifin farko naira 1,000 ce, kuɗin da yau ba ya kai ka Kaduna. Gyaran 2016 ya mayar da ita miliyoyi, wanda ya sake aikatawa kuma ɗauri ne. Ba na ganin laifin wannan ga masu cika kwantena da ɓawon ɗankunya su nufi Asiya. Amma dattijon da ya gaji sana'ar magani daga kakansa, wa ya taɓa karanta masa jerin nan da Hausa? A fara da sarkin baka da shugabannin masu magani kafin a fara da kame.

Masu farautar rani kuma kada su saki jiki. Gafiyar ba laifi ba ce, amma cinna wa daji wuta domin a koro ta laifi ne a ƙa'idojin 2011 na NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari kuwa, ko zomo ba a taɓawa a cikinsa.