Yaro mai galahanga da maimaita abu ɗaya: me hakan ke nunawa game da basirarsa?

Ɗana yana yini yana kaɗa hannuwa, yana jera murafen lemo a layi. Shafar aljanu ce?

A'a, Maman yaro. Maimaita motsi ko magana na cikin manyan alamomin galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Tun 1943 likita Leo Kanner na Amurka ya bayyana yara 11 da ke tayar da hankali idan an sauya musu abin da suka saba. A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 na da ita.

To, yawan maimaitawar na nufin ƙwaƙwalwarsa ba ta ja?

Nan ne iyaye ke saurin yanke hukunci, abin da ke damuna matuƙa. Maimaitawar iri biyu ce. Akwai ta jiki: kaɗa hannu, jijjiga jiki, juya tayar motar wasa ba tsayawa, buga kai da bango. Wannan ta fi yawa ga ƙananan yara da kuma waɗanda ke da raunin fahimta. Akwai kuma nacewa kan tsari ɗaya, kamar yaron da zai fashe da kuka don mai Keke ya bi wata hanya maimakon Ƙofar Doka, ko wanda ba ya shan koko sai a kofinsa. Irin wannan ana samunta ga mai rauni da mai kaifin basira duka. Wanda ya haddace lambobin motocin unguwa kaf, bai da hira sai tasu, sau da yawa ma kansa na ja sosai.

Kuma yara masu hazaƙa ma suna kaɗa hannu, musamman cikin murna ko hayaniyar biki. Motsin hannu kaɗai ba ya auna basira.

In hana shi?

Idan bai cutar da kansa, ƙyale shi. Da haka yake kwantar da hankalinsa. Duka ƙara masa firgici yake. Buga kai da cizon hannu kuwa suna buƙatar likita.

Ina zan kai shi?

Sashen yara na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya. Ki ɗauki bidiyon abin da yake yi a waya, ki lura da lokacin da ya fi yi, sannan ki nemi a duba jinsa da maganarsa.