'Yar'uwarku na gidan yari? Ga amsoshin tambayoyin da kuke ta yi mini

Na gaji da maimaitawa ta waya. A karanta kafin a kira ni.

Ana haɗa mata da maza?

A'a. Inda ake ajiye maza da mata a gida ɗaya, ɓangaren mata daban yake da ƙofarsa, kuma mata ne gandirobobinsa. Akwai kuma na mata zalla, irin na Kirikiri a Legas.

Me ya sa yanzu ake cewa gidan gyaran hali?

Dokar 2019 ce ta canza wa hukumar gidajen yari ta Najeriya suna. Na ciki dai fursuna suke cewa.

Me za mu kai mata?

Yauwa, da wannan ya kamata ku fara. Audugar mata, sabulun wanka da na wanki, man shafawa, silifas, zani, garin kwaki, ƙuli-ƙuli. Audugar nan kada a manta, ita ce abin da ya fi ƙaranci a ciki, har mace ta yaga tsohon zani don rashinta. Abincin gwamnati akwai, gabza dai ce. In kun kai dafaffe, a bakin ƙofa za a sa wanda ya kawo ya ɗanɗana, kada ya ji haushi.

Tana shayarwa. Za a raba ta da jaririn?

Nan ku natsu. A ƙa'ida ana barin yaro da uwarsa har ya kai wata 18, daga nan a miƙa shi ga dangi. Dokar 2019 ta ce a tanadi wurin renon yara da kulawar masu juna biyu, a kuma yi wa mace gwajin ciki in an kawo ta. Wannan a takarda ke nan. A aikace ya danganta da gidan, da shugaban gidan, da kuma ko an ga dangi na zuwa. Wani wurin za a ɗan ɗaga ƙafa in yaron bai isa yaye ba, wani wurin ba sauƙi. In babu wanda ya zo karɓarsa, jami'an walwala kan nema masa gidan marayu, dawo da shi daga can kuwa aiki ne. Saboda haka tun yaro na wata goma ku zauna ku tsayar da mai riƙo, kaka ce ko inna ko gwaggo. Ta riƙa zuwa ziyara ya san fuskarta, kada ranar rabuwa ta zama ranar da ya fara ganinta. In dangin uba na ja, ku nemi lauya da wuri, don maganar riƙo shari'a ce mai zaman kanta. Ku kuma gwada neman beli da hujjar shayarwa. Wani alƙalin yakan duba, wani ba ya dubawa.

Suna dukan juna?

Fim ya ɓata ku. Faɗa akwai, yawanci kan bokitin ruwa ko wurin shimfiɗa. Kowane ɗaki da shugabarsa cikin fursunonin, ita ke raba shara da layin wanka. Sauran yini kitso ne, ɗinki, saƙa, karatun allo, masu coci su yi nasu. Ku kwantar da hankalinku.

Yaushe za ta fito?

Ni zan tambaye ku: yaushe rabonku da kotu? Mafi yawan mutanen da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Fayil ba ya tafiya da kansa. Ku je ofishin Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya, kyauta ne, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Wata ma tarar da ba ta kai kuɗin buhun masara ba ce ta riƙe ta.

Muna jin kunyar a gan mu a can.

Namiji in an kulle shi, uwa da mata har da ƙanne suna layi da kwanon tuwo. Mace kuwa sai miji ya aiko da takardar saki, dangi su ce ta yi tafiya. Ku ɗauki katin shaida ku je, ku tambayi ranakun ziyara a ƙofa.

Za mu iya ɓoye mata waya cikin kaya?

Kul. Ana bincike, in an gani ita za ta sha horo, ku kuma a tsare ku.