Waiwaye: Yadda yaƙi da safarar mutane ya iso ɗakin duba marasa lafiya

Lokacin da Najeriya ta kafa hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP a 2003, bayan yarjejeniyar Palermo ta 2000 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kan wannan matsala da fafutukar ƙungiyar WOTCLEF mai yaƙi da safarar mata da bautar da yara, ta Hajiya Titi Atiku Abubakar, hankali duk yana kan 'yan matan Edo da ake kaiwa Italiya. Mu a Bauchi da Gombe muka ɗauka matsalar ta wasu ce. Alhali dillaliya na nan tana kwasar yara daga ƙauye zuwa aikatau a birni, wasu matan kuma ana yi musu romon baka da aiki a Saudiyya ko Libiya.

Dokar hana safarar mutane da aka sabunta a 2015 ta tsananta hukunci, ta haɗa har da cinikin sassan jiki. Sai dai an ɗora nauyin kan jami'an tsaro da na shige da fice, aka bar malaman asibiti a baya, ga shi su ne suka fi kowa ganin waɗanda abin ya shafa ido da ido.

Shari'ar Sanata Ike Ekweremadu a Landan a 2023 ta fito da wannan giɓi fili. Likita ya lura saurayin da aka kawo don cire ƙodarsa a dasa wa 'yar sanatan bai san me ake ciki ba, ya ƙi yin aikin. Amma saurayin da ƙafarsa ya kai kansa wurin 'yan sanda daga baya. A asibitin an gane, amma ba a kai ƙara ba.

Haka take faruwa a ƙananan asibitocinmu. Uwar ɗaki ta kawo yarinya da ƙuna ko ciki, ita ke riƙe da kati, ita ke amsa kowace tambaya. Yarinyar ba ta san sunan unguwar da take kwana ba. Ana sa mata magani, a sallame su tare. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Abin da ya kamata a koya wa malaman asibiti ba shi da tsada: a keɓe da mara lafiya, kada wanda ya rako ta ya zama tafinta ko da Fulatanci ko Tangale kawai take ji, a rubuta raunukan yadda suke, kada a tunkari mai rakiyar da zargi, sannan a kira NAPTIP ta lamba 627. Babba kuwa, sai an nemi yardarta tukuna, domin ita ta san wanda ke riƙe da bashinta da fasfonta.